Ƙwarin da Na Kai Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano ban huta da tambaya ba. A ofis, a layinmu na Kurudu, har a gidan suna, kowa da irin tasa: atamfa turmi nawa kika sayo, ya garin yake, da gaske ne ba a ɗauke musu wuta? In na ce ban sayo ko ɗankwali ba, ƙwari na kai aka duba mini, sai a yi dariya a ce in ba na son faɗa in fito fili in ce ba na so. To, ga shi zan faɗa sau ɗaya. Wadda ta sake tambaya sai in miƙa mata ta karanta da kanta.

Ga waɗanda ba su san aikina ba, ina sashen ƙwari ne a wata hukumar tarayya da ke kula da lafiyar amfanin gona a nan Abuja. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina wurin da diflomata. Aikin nawa shi ne in kafa tarko a gona, in koma in ga abin da ya kama, in rubuta. Ƙwaron da ya tayar da ni tsaye wani faɗa-wuta ne ruwan toka, tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa ba. Ƙwai yake zubawa a ganyen masara, ƙwan ya zama tsutsar nan da ke shiga ƙoƙon masara ta cinye ta tun daga ciki. Takardar da ofishinmu ke raba wa manoma ta ce da damina kawai yake tashi, in an yi girbi sai ya ɓace sai baɗi.

Da bakina na karanta wa Baba Ɗanjuma wannan takarda. Dattijo ne a Orozo, yana noman rani a bakin rafi. Ya tambaye ni ko ya ci gaba da duba masararsa ta rani kamar yadda yake yi da damina, na ce ya kwantar da hankalinsa, lokacin ƙwaron ya wuce. Bayan wata biyu na koma na tarar da gonar kamar an bi ta da almakashi. Bai zage ni ba, da ya zage ni ma da na fi samun sauƙi. Ya ɓare ƙoƙon masara guda, ya juye tsutsar a tafin hannuna.

"'Yata," ya ce, "ita wannan ba ta karanta takardar taku ba."

Daga ranar na bar tarkona a gonarsa shekara guda cur. Tarkon ba wani abu ba ne, bokitin roba ne da ɗan ƙullin magani mai warin macen ƙwaron, mazan su biyo warin su faɗa. Duk Asabar sai in kutsa gosulon hanyar Orozo in je in kwashe. Babu watan da tarkon ya wayi gari fanko. A kowane wata na zaɓi uku ko huɗu na soke da allura a cikin akwatin katako, jeri goma sha biyu, kowane da 'yar takardarsa mai rana da wuri.

Na kai wa ogana, wanda muke kira Dakta. Ya leƙa akwatin daga nesa, ya ce na rani duk wani ƙwaro ne daban mai kama da shi, kuma rarrabe su ba aikin mai difloma ba ne. Ya ja jan biro a kan rahotona tun daga Nuwamba har Afrilu. Gaskiya ne akwai masu kamar, na sani. Kuma gaskiya ne a sashenmu babu wanda ya iya binciken da ke raba gardama. Amma na ji labarin wani dattijo a wata cibiyar bincike a wajen Kwatano, wanda ya ƙare rayuwarsa a kan irin waɗannan ƙwarin. Na rubuta masa, ya amsa da layi biyu cewa in kawo. Na nemi ofis ya tura ni, takardar ta shiga ba ta fito ba. Sai na ɗauki hutuna na shekara. Maigidana ya ce in dai zan tafi, to tare da Hajiya Larai, maƙwabciyarmu mai sarin atamfa, wadda ta san hanyar kamar tsakar gidanta. Na nemi takardar izinin fita da matattun ƙwari, na sabunta katin rigakafi, na zuba kafur a akwatin, na naɗe shi da tsohon zane.

Bayan sallar asuba muna tashar Nyanya. Rigimar farko da masu lodi ce, sun dage sai akwatin ya shiga but ɗin mota tare da buhunan doya. Na ce ko ni in shiga but ɗin, shi ya zauna a kujera. Hajiya Larai ta ja ɗaya gefe ta ce masa kayan asibiti ne, ni ban ce ba ban kuma musa ba. Haka na rungume shi a cinya har Legas.

Kafin mu kai Gwagwalada warin kafur ya cika motar. Matar da ke gefena, wata mai kiɓa mai yawan fara'a da ke yin Hausa irin ta kasuwar Abuja, ta yi ta cewa, "Madam, wannan akwati naka yana wari kamar ɗakin kakata." A Lokoja da aka tsaya cin abinci, muna cin soyayyen kifi da doya, ta matsa mini sai ta gani. Na kwance zanen. Ta dubi ƙwari arba'in da wani abu a jere, kowane da allura a bayansa da rubutu a ƙarƙashinsa, ta ajiye kifinta, ta tambaye ni a hankali ko sunayen mutane ne a takardun. Na yi mata bayani iya iyawata. Ta ce ta gane. Da muka koma mota sai ta yi musayar kujera da wani siririn mutum, shi ma ya manne da taga bai yarda ko hannun rigarsa ya taɓa ni ba. Ban taɓa tafiya mai nisa da walwala irin ta ranar ba, har ƙafa na miƙe.

Abin da ban lura da shi ba, a wajen Okene motar ta faɗa wani rami, akwatin ya bugi ƙarfen kujerar gaba. Na duba gilashin murfin, lafiya lau, na yi hamdala. Ashe kusurwar ƙasa ta buɗe kaɗan.

A Agege muka sauka, gidan ƙanwar Hajiya. Unguwar Hausawa ce, in ka rufe ido ka saurari hira sai ka rantse Fagge kake, sai dai yaran gidan in sun yi faɗa da Yarbanci suke yi. An karɓe mu hannu biyu, aka ba mu tuwon shinkafa da miyar da ta sha manja. Na tura akwatin ƙarƙashin gado, kusa da wata leda da ban san ta sukari ba ce.

Da safe na jawo shi na ga layin kiyashi yana shiga ta kusurwar nan yana fita. Kafur ɗin yana can ɗaya gefen, su kuma sun tsaya a jerin da ke bakin ƙofarsu, jerin Maris. Guda uku ne, duk sun cinye cikinsu, sun bar fukafukai a jikin allura. Maris kuwa shi ne tsakiyar zafi, watan da Dakta ya fi yi wa dariya, kuma a irinsa gonar Baba Ɗanjuma ta lalace. Na zauna a ƙasa na yi kuka sosai, ba zan ɓoye ba. Hajiya Larai ba ta ce mini ƙaddara ce ba. Ta samo gashin kaza muka share kiyashin ɗaya bayan ɗaya, ta narkar da kyandir ta toshe kusurwar. Da ta gama ta tambaye ni jeri nawa suka rage. Na ce goma sha ɗaya. Ta ce to in tashi in wanke fuskata, motar Badagiri ba ta jiran mai kuka.

Daga Legas zuwa boda ba nisa ba ne, tsaye-tsayen ne ke cin rana. Na daina ƙirga shingaye. A kowane sai an nuna zanen a ce mene ne, in kwance, in miƙa takarda, a kira wani ya zo ya gani. Wani ya tambaye ni ko ana ci. Wani ya ce in rantse ba za su farfaɗo ba in sun sha iskar teku.

Muna sauka a boda masu babur suka yanyame mu, wai za su zagaya da mu ta bayan gari, babu layi babu tambaya. Hajiya ta raɗa mini cewa ni ma'aikaciyar gwamnati ce, in aka buga mini hatimi a fasfo, duk ranar da ofis ya so kama ni da fita ƙasa ba izini ya samu shaida. In na bi ta baya kuwa babu mai sani. Na yi tunanin maganarta, don gaskiya ta faɗa. Amma na ce mata ban sato ƙwarin nan ba, kuma in na dawo da sakamako dole in faɗi inda na samo shi. Na shiga layi. Jami'ar da ta duba takarduna ta daɗe tana kallon akwatin, sannan ta ce da duk farfesoshin da muke da su a Najeriya, sai na kai ƙwaro wata 'yar ƙaramar ƙasa a faɗa mini sunansa? Na ce mata farfesoshin suna nan, ni ce ba su gani. Ta ɗaga kai ta dube ni, ta buga hatimin da ƙarfi, ta ce Allah ya ba da sa'a.

Kwatano garin babura ne. Masu acaɓarsu, da suke kira zem, duk riga ruwan ɗorawa suke sawa mai lamba a baya, kuma a manyan tituna suna da nasu layin daban, abin da in aka kawo Nyanya ban san kwana nawa zai yi ba. Fasinja ma sai ya sa hular kwano. Ku ƙaddara ni da hijabi har gwiwa, hular kwano a bisa, akwati a ƙirji, ina ta yi wa mai babur magiya da Hausa ya rage gudu yana amsa mini da Faransanci. Hajiya tana bayanmu a nata babur ɗin tana dariya har hularta na karkacewa.

A unguwar Zango muka sauka, a wani gidan baƙi da 'yan kasuwa mata ke kama ɗaki. Hausa ake yi, amma rabinta ban gane ba sai da na kwana biyu. Inda mu muke cusa Turanci, su Faransanci suke cusawa, kuma su ma dariya suke mini in na ce ofis ko mitin. Karin kumallo burodi ne dogo kamar sanda, mai tauri, ranar farko sai da ya yanke mini dasashi. Da rana akasa, wani abu kamar agidi mai ɗan tsami, da soyayyen kifi da niƙaƙƙen barkono da tumatir ɗanye. Hajiya ta ce sai na saba. Ban saba ba, amma kifin nasu ban taɓa cin irinsa ba. A ɗakin, kafin in cire hijabi sai da na ɗora akwatin a kan kujera, na tsoma ƙafafun kujerar huɗu a gwangwanayen ruwa.

Washegari Hajiya ta tafi kasuwarta, ni na nufi cibiyar. Na ɓata hanya sau biyu, na isa da rana tsaka, maigadi ya nuna mini agogo ya nuna baki: an tafi cin abinci. Su can in lokacin abinci ya yi rufe ƙofa suke yi gaba ɗaya, ba kamar mu da ke cin shinkafa a kan fayil ba. Na yi azahar a gindin wani mangwaro na jira.

Misye Dosu, dattijon da na zo dominsa, gajere ne mai furfura, da tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Ina ta haɗa Turancin da zan yi masa, sai na ji ya ce, "Sannu da zuwa, ɗiyata, kin sha hanya." Ashe ya yi shekaru yana aiki a Maraɗi, Hausar can ce a bakinsa tsaf. Na fara ba shi haƙuri cewa ni ba likitar ƙwari ba ce, difloma kawai gare ni. Bai saurare ni ba, yana karanta 'yan takardun da ke ƙarƙashin ƙwarin. Ya tambayi wa ya rubuta su, na ce ni. Ya tambayi ko akwai Asabar ɗin da na tsallake, na ce guda biyu, lokacin da 'yata ta kwanta asibiti, kuma na rubuta hakan a littafina. Ya ce in ajiye jakata in wanke hannu.

Kwana uku muka yi. Ashe fukafuki ba ya raba gardama, don yana koɗewa a cikin tarko. Sai an yanke ƙarshen cikin namijin, a jiƙa a wani ruwan magani har ya yi laushi, a buɗe shi da allura a ƙarƙashin madubin ƙara girma. A nan kowane iri yake da tasa sura da ba ta kama da ta wani. Ya yi na farko ina kallo, ya yi na biyu, a na uku ya miƙo mini allurar. Na lalata shi. Ya ce shi ya lalata fiye da ɗari kafin ya iya, in ɗauki na gaba. Kafin la'asar ɗin rana ta biyu ni ke buɗewa, shi yana leƙawa yana gyaɗa kai.

Nuwamba shi ne. Disamba shi ne. Janairu, Fabrairu, Afrilu, duk shi ne, babu ko ɗaya da ya kauce. Inda aka samu kuskure, abin mamaki, a Agusta ne, tsakiyar damina: biyu daga cikin huɗu mai kamar ne. Wato na yi kuskure, amma a watan da Dakta ya sa wa hannu ba tare da ya duba ba. Na ji kunya, na kuma ji wani abu da ba zan kira shi kunya ba.

Saura Maris. Na roƙi Misye Dosu ya dubi fukafukan ya rubuta, tunda ga na Fabrairu ga na Afrilu, ina ƙwaron zai tafi a tsakani? Ya ce shi ma a ransa ya tabbata shi ne. Na ce to ya rubuta. Ya ce a'a. Raina ya ɓaci, na faɗa masa ƙasa biyu na ratso, na faɗa masa labarin Baba Ɗanjuma, har muryata ta fara tashi. Ya bari na gama.

"Ɗiyata, in na rubuta abin da ban gani ba, mi ya raba ni da mai jan biron naki?"

A takardar da ya sa wa hannu an rubuta wata goma sha ɗaya an tabbatar, Maris ba a iya dubawa ba saboda samfurin ya lalace, Agusta biyu ba shi ba ne. Ya ce in bar kuskuren a fili, kada in goge. Da zan tafi ya ba ni allura biyu masu kyau da ɗan hantsaki, ya ce madubi dai na san akwai shi a ofishinmu, ko da a cikin kwali yake. Akwai kuwa, a cikin kwalin.

Dawowa ba ta da labari, ban da cewa kayan Hajiya sun ninka, kuma ni ce na riƙe mata dila ɗaya a cinya a inda akwatina ya zauna da zuwa, shi kuma ya hau bisa dilar.

Ranar Litinin na ajiye takardar a teburin Dakta. Ya karanta har ƙasa, ya koma sama ya sake karantawa. Na zaci zai yi maganar Agusta. Sai ya tambaye ni wa ya ba ni izinin fita ƙasar waje. Na ce babu. Kafin a tashi aiki kweri ta iso, wato takardar tuhuma, in yi bayani cikin kwana biyu.

Na yi bayanin. Na amsa laifina a layin farko, don laifi ne, dokar aiki ta ce a nemi izini ko da hutu ake. Sannan na ce domin a fahimci dalilin tafiyar, ga abin da na haɗa: takardar Misye Dosu, kwafin littafina na Asabar hamsin, hoton gonar Orozo, da rahotona mai jan biro. Shafi talatin da ɗaya. Amsar kweri ba ta tsayawa a teburin wanda ya ba da ita, sai ta hau sama. Akawun da ya karɓa ya auna nauyinta a hannu ya ce tunda yake bai taɓa ganin mai laifi ya kawo wa kansa shaida da yawa haka ba.

Kwamitin mutum uku ya zauna da ni. Sun tambaye ni ko na yi nadama. Na ce na yi nadamar rashin neman izini, tafiyar kuwa in ta kama gobe zan sake, sai dai in nemi izinin tukuna, in an hana in sake nema. Aka ba ni takardar gargaɗi, ta shiga fayil ɗina, kuma na san abin da hakan ke yi wa ƙarin girma. Takardar manoma har yau ba a canza ta ba, an ce ana dubawa. Ni dai duk manomin da ya tambaye ni, abin da na gani nake faɗa masa, kuma na sanar da Dakta haka a gaban mutane don kada ya ji a bakin wani.

Ranar da aka ba ni gargaɗin, ina saukowa daga bene, sai na ji ana kirana. Shugabar kwamitin ce, wata babbar darakta da ko murmushi ba ta yi ba a zaman, ita ce ma ta karanta mini hukuncin. Ta duba sama ta duba ƙasa, ta matso. Ta ce tana da 'yar gona a Kwali, shekara biyu ke nan masararta ta rani na lalacewa, har ta sallami mai kula da gonar a kan zargin sakaci. Sannan ta tambaya ko tarkon nan yana da wuyar haɗawa.

Na ce ba shi da wuya, ranki ya daɗe. Ki samo bokitin roba da waya, ni zan kawo maganin. Amma kafin nan ki aika a nemo mutumin da kika sallama.